Shiru Ma Magana Ce: Baƙin Ƙyallen Des Moines da Iyakar Ikon Makaranta

Ranar 16 ga Disamba, 1965, wata yarinya 'yar shekara 13 mai suna Mary Beth Tinker ta shiga ƙaramar sakandaren Warren Harding da ke birnin Des Moines, a jihar Iowa ta Amurka, da baƙin ƙyalle ɗaure a damtsenta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta raba takarda ba, ba ta tare wa kowa hanya ba. Kafin a tashi aka kira ta ofis, aka ba ta takardar dakatarwa. A ranar ce kuma aka kori Christopher Eckhardt, ɗan shekara 16, daga makarantar Theodore Roosevelt, washegari aka bi da yayan Mary Beth, wato John, mai shekara 15. Ƙyallen na makoki ne. Suna juyayin mutanen da ke mutuwa a yaƙin Biyetnam, suna kuma mara wa Sanata Robert Kennedy baya a kiran da ya yi na tsagaita wuta lokacin Kirsimeti.

Shari'ar da ta biyo baya, wadda ake kira shari'ar Tinker, ita ce har yau ginshiƙin duk wata magana a kan 'yancin ɗalibi na faɗin albarkacin bakinsa a makarantun gwamnatin Amurka. Matsayina a wannan maƙala shi ne Kotun Ƙoli ta yi daidai, kuma daidaiton nata yana cikin abu guda da masu sharhi kan wuce shi da sauri, wato wanda ta ɗora wa nauyin kawo hujja. Sai dai ma'aunin da ta kafa yana da wata ɓaraka da ba a ɗinke ba har yanzu, kuma ta nan ne ake ƙwace wa ɗalibai abin da aka ce an ba su.

Shugabannin makarantun birnin sun sami labarin shirin tun da wuri, domin an ƙulla shi ne a wani taro na manya da yara a gidan su Eckhardt. Ranar 14 ga Disamba suka zauna suka kafa doka: duk ɗalibin da ya zo da ƙyallen a ce ya cire, idan ya ƙi a dakatar da shi har sai ya dawo babu shi. Wannan kwanan wata yana da muhimmanci, domin dokar ta riga abin da take hanawa da kwana biyu. Babu wani rikici da aka gani tukuna. Ra'ayi aka hango tafe aka tare shi a hanya. A lokacin sojojin Amurka a Biyetnam sun haura 180,000, akasarin jama'a kuma suna bayan gwamnatin Lyndon Johnson. Wanda ya soki yaƙin a gari irin Des Moines a ƙarshen 1965 kallon maci amanar ƙasa ake yi masa. Iyalin Tinker, waɗanda maigidansu Leonard malamin cocin Methodist ne, sun sha wasiƙun zagi da barazanar kisa, har jan fenti aka watsa musu a gida.

Yaran ba su koma aji ba sai bayan sabuwar shekara. Iyayensu suka shigar da ƙara, wani matashin lauya Dan Johnston ya tsaya musu. A 1966 kotun tarayya ta gunduma ta ba hukumar makaranta gaskiya. A 1967 alƙalan kotun ɗaukaka ƙara suka rabu gida biyu, huɗu da huɗu, hukuncin ƙasa ya tsaya yadda yake. Sai ranar 24 ga Fabrairu, 1969, Kotun Ƙoli ta juya shi da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu. Kafin wannan rana sojojin Amurka a Biyetnam sun wuce rabin miliyan, kuma ra'ayin da aka kori yaran a kansa ya zama ra'ayin miliyoyin mutane. Ina ganin wannan tazara ta shekara uku da 'yan watanni abin tunani ce. Ranar da yaran suka fi bukatar kariya ita ce ranar da babu mai goyon bayansu, kariyar kuwa ta iso bayan gari ya waye.

Tambayar farko da kotu ta warware ita ce ko ƙyalle magana ne. Gyara na Farko ga tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya hana gwamnati tauye 'yancin magana, amma bai ambaci tufafi ko alama ba. Bahaushe ba ya bukatar doguwar muhawara a nan. Rawani mai kunne biyu yana faɗin gidan da mutum ya fito tun kafin ya yi sallama, jar hula kuma a Kano ta yau ba ta bukatar tafinta. Mun daɗe da sanin cewa shiru ma magana ce. Kotun Amurka ita ma tana da abin da za ta jingina da shi. A 1943, a shari'ar Barnette ta jihar West Virginia, ta yanke cewa ba za a tilasta wa 'ya'yan Shaidun Jehobah sara wa tuta ba, inda ta warware hukuncin da ita da kanta ta yi a 1940. Mai shari'a Robert Jackson ya bayyana a can cewa alama hanya ce ta isar da tunani daga zuciya zuwa zuciya, kuma babu wani jami'i, babba ko ƙarami, da ke da ikon tsara wa mutane abin da za su yi imani da shi a siyasa ko addini. Idan ƙin ɗaga hannu magana ce, ɗaura ƙyalle ma magana ce.

Mai shari'a Abe Fortas ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye a 1969. Abin da kowa ya haddace daga ciki shi ne cewa ɗalibai da malamai ba sa tuɓe 'yancinsu na magana a ƙofar makaranta. Zancen yana da daɗin ji, amma shi kaɗai ba ya raba gardama, domin babu wanda ya ce makaranta kasuwa ce inda kowa zai yi abin da ya ga dama. Aikin hukuncin yana cikin ma'aunin da ya kafa: makaranta ba ta da ikon hana ɗalibi bayyana ra'ayinsa sai ta nuna cewa abin zai kawo cikas na gaske kuma mai yawa ga karatu da tsarin makaranta, ko zai shiga haƙƙin sauran ɗalibai. Tsoro kawai, wanda ba a iya nuna tushensa, bai isa hujja ba. Haka nan son kauce wa rashin jin daɗin da kan biyo bayan ra'ayin da mutane ba sa so.

Da aka ɗora abin da ya faru a kan wannan ma'auni, hujjar hukumar makaranta ta kasa tsayuwa. Cikin ɗalibai kusan 18,000 na gundumar, 'yan ƙalilan ne suka ɗaura ƙyallen, biyar kacal aka dakatar. Ba a fasa aji ba, ba a yi dambe ba. Wasu ɗalibai sun yi wa masu ƙyallen baƙar magana a wajen aji, iyakarta ke nan. Abin da ya fi tona asirin dokar kuwa shi ne, a makarantun nan ɗalibai suna sanya bajon jam'iyyun siyasa, wasu ma suna rataya alamar gicciyen ƙarfe wadda ake dangantawa da sojan Jamus na zamanin Nazi, kuma babu wanda ya ce musu uffan. Da a ce makaranta ta hana kowace irin alamar siyasa tun fil azal, da maganar ta ɗauki wani salo. Ita kuwa alama ɗaya ta zaɓa ta hana, mai ɗauke da ra'ayi ɗaya, a kan batu ɗaya.

A nan ne nake ganin zuciyar shari'ar take. Ɗaya daga cikin alƙalai biyun da suka ƙi amincewa, John Marshall Harlan, bai musa cewa ɗalibi yana da 'yanci ba. Abin da ya nema shi ne a ɗora wa ɗalibin nauyin tabbatar da cewa makaranta ta yi dokar da mugun nufi. A takarda bambancin kamar ƙarami ne, a aikace kuwa shi ne komai. Ta yaya yarinya 'yar shekara 13 za ta tabbatar da abin da ke cikin zuciyar shugabannin makaranta da suka yi taro a bayan ƙofa? Su ne ke da rajista, su ne ke da rahoton malamai, su ne suka san abin da ya faru a kowane aji. Mai cewa za a yi fitina shi ne mai da'awa, kuma a fiƙihun da muka gada ma mai da'awa shi ake nema da shaida. Fortas ya ɗora nauyin a kan mai iko, wanda ke da hanyar ɗaukarsa. Duk wata doka da ta ce ɗalibi yana da 'yanci amma ta bar shugaban makaranta ya soke shi da kalmar "muna tsoron rikici" ba tare da an tambaye shi dalili ba, suna kawai ta ba ɗalibin.

Ɗaya alƙalin da ya saɓa shi ne Hugo Black, dattijo mai shekara 82, kuma bai kamata a yi wa maganarsa riƙon sakainar kashi ba. Black ya shafe rayuwarsa a kotu yana kare 'yancin magana fiye da kusan kowa, don haka ba maƙiyin Gyara na Farko ba ne. Amma a wannan shari'a ya fusata. A ganinsa ana tura yara makaranta ne su koya, ba su koyar ba. Ya nuna cewa ko da ba a yi hayaniya ba, ƙyallen ya ɗauke hankalin ɗalibai daga darasi zuwa yaƙi, ya kuma kawo shaidar wani malamin lissafi da darasinsa ya lalace saboda gardama a kan ƙyallen Mary Beth. Ya yi gargaɗin cewa hukuncin zai buɗe ƙofar zamanin sakaci, inda yara za su riƙa bijire wa malamai da goyon bayan kotu. Na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan maƙala za su ji maganar Black ta fi kwanta musu. Mun tashi a kan cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, malami uba ne, yaro ba ya musu da babba. Duk wanda ya taɓa riƙe alli a gaban cikakken aji ya san yadda ƙaramin abu ke wargaza darasi.

Ban yarda da Black ba, amma dalilina ba raina tarbiyya ba ne. Ya haɗa abu biyu da ya kamata a raba: rashin kunya da saɓanin ra'ayi. Yaron da ya zagi malami, ko ya hana wasu karatu, ya yi laifin ɗabi'a, kuma hukuncin 1969 bai ɗaure wa makaranta hannu a kansa ba. Yarinyar da ta zauna a kujerarta da baƙin ƙyalle tana rubuta darasi ba ta raina kowa ba. Gwamnatin ƙasarta ta saɓa wa, a kan batun rai da mutuwa, ta hanyar da ta fi kowace natsuwa. Idan aka hukunta ta daidai da mai zagi, darasin da sauran yara za su ɗauka shi ne ladabi ba ya amfani, tunda mai ladabi da marar ladabi makomarsu ɗaya. Game da ɗauke hankali kuwa, yaƙin ne ya ɗauke hankalin yaran tun kafin ƙyallen. Samarin da ke ajin ƙarshe a waɗannan makarantu sun san cewa nan da shekara ɗaya ko biyu ana iya kiransu aikin soja na dole. Ɗaya daga cikin dalilan da hukumar ta bayar ma shi ne an kashe wani tsohon ɗalibi a Biyetnam kuma abokansa suna nan a makarantar. Ƙasar da ta ga saurayi ya isa ɗaukar bindiga yana da shekara 18 ba ta da bakin cewa yana da 16 bai isa ya yi juyayin matattu ba.

Bayan 1969 kotun ta yi ta rage faɗin hukuncin. A 1986 ta ba makaranta ikon hukunta ɗalibin da ya yi jawabi mai cike da habaicin batsa a taron ɗalibai a jihar Washington. A 1988 ta amince wa wani shugaban makaranta a Missouri da ya cire shafuka biyu daga jaridar ɗalibai, masu ɗauke da labarin cikin 'yan mata da mutuwar aure, bisa cewa jaridar ɓangaren darasi ce. A 2007 ta goyi bayan hukunta wani ɗalibi a Alaska da ya ɗaga ƙyalle mai rubutun da aka fassara da tallar shan ƙwaya. A can ne Mai shari'a Clarence Thomas ya ce shi da za a bi tasa da an soke hukuncin Tinker ɗungurungum. A 2021 iska ta ɗan juya, inda alƙalai takwas a kan ɗaya suka ce makaranta a Pennsylvania ta wuce gona da iri da ta hukunta wata ɗaliba kan ashar da ta yi a Snapchat a ƙarshen mako, a wajen makaranta. Hukuncin 1988 ya fi damuna, domin ya ba shugaba almakashi a kan aikin jarida na gaske. Amma duk waɗannan sun bar asalin batun, wato ra'ayin siyasa da aka bayyana cikin natsuwa, a ƙarƙashin ma'aunin Fortas. Kuma duka maganar a kan makarantun gwamnati take, domin tsarin mulkin Amurka gwamnati yake ɗaurewa, ba masu makarantun kuɗi ba.

Irin wannan tambaya ta iso kotunanmu ta wata ƙofa. Sashe na 39 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin bayyana ra'ayi, bai ware yaro ba, ko da yake sashe na 45 ya ba da damar taƙaita shi saboda zaman lafiya da tsaro. A Yunin 2022 Kotun Ƙolin Najeriya, da rinjayen biyar a kan biyu, ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sanya hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Wannan shari'ar addini ce, hijabi kuma ibada ne, ba zanga-zanga ba. Amma wanda ya yi murna da ita ya riga ya amince da tushen da Tinker ta tsaya a kai: yarinya ba ta ajiye haƙƙinta a bakin ƙofar makaranta, kuma dokar kayan makaranta ba ta fi tsarin mulki ba. Zai yi wuya mutum ya riƙe wannan a Legas ya sake shi a Des Moines.

Saura ɓarakar da na ambata. Ma'aunin ya ce a duba ko za a sami cikas, amma bai fayyace daga wajen wa cikas ɗin zai fito ba. Abin mamaki, tushen da Fortas ya ɗebo ma'aunin daga gare shi ya fi shi bayani. A 1966 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci biyu a rana ɗaya, dukansu a kan ɗalibai baƙar fata a jihar Mississippi da suka sanya bajon neman 'yancin zaɓe. A ta farko, shari'ar Burnside, yaran sun sanya bajonsu sun zauna lafiya, sai kotu ta ba su gaskiya. A ta biyu, shari'ar Blackwell, masu bajon sun riƙa maƙala wa wasu da ƙarfi, suna hayaniya a barandar makaranta suna hana darasi, sai kotu ta ba makaranta gaskiya. Alama ɗaya, ra'ayi ɗaya, alƙalai ɗaya, abin da ya raba su shi ne halin masu sanya alamar. Wannan rabo ne mai adalci, domin kowa aikinsa aka auna masa.

Kwatanta shi da abin da ya faru a makarantar Live Oak da ke Morgan Hill a jihar Kalifoniya ranar 5 ga Mayu, 2010, ranar wani biki na 'yan asalin Meziko. Wasu ɗalibai suka zo da riguna masu hoton tutar Amurka. A shekarar da ta gabata an yi cacar baki mai zafi tsakanin ɗalibai 'yan asalin Meziko da wasu ɗalibai a irin wannan rana, kuma a wannan karon ma an ji ƙishin-ƙishin cewa za a far wa masu rigunan. Sai hukumar makaranta ta ce su juya rigunan ciki waje, ko su cire, ko su tafi gida. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta ce makaranta ta yi daidai, kuma da ma'aunin Tinker ta kafa hujja: an hango cikas na gaske, an yi rigakafi. Ina jin nauyin da ke kan shugaban da aka ba amanar 'ya'yan mutane, kuma ban ce ya naɗe hannu har a zubar da jini ba. Idan wuta ta riga ta kama, raba yara na awa ɗaya ko biyu abin fahimta ne. Amma makarantar ta yi shekara guda da sanin cewa akwai matsala, kuma da ranar ta zo, waɗanda aka yi wa barazana aka hukunta, masu barazanar aka bari. An bar jaki ana dukan taiki. Wasu alƙalan kotun da kansu sun yi wannan ƙorafi, suna cewa an miƙa wa masu ihu ikon rufe bakin wanda ba sa so.

Illar wannan fassara ita ce tana koya wa yara cewa hanyar kashe ra'ayin da ba ka so ita ce ka yi alkawarin tashin hankali. Tana kuma juya Tinker a kanta, domin ra'ayin da kowa ke so ba ya jawo barazana. Wanda ake ƙi shi ke jawowa, shi ne kuma aka kafa kariyar dominsa. Da a ce ɗaliban Des Moines masu goyon bayan yaƙi sun fito fili sun ce za su doki duk mai baƙin ƙyalle, da bisa hukuncin 2014 Mary Beth ta faɗi a shari'arta. Gyaran da nake ganin ya dace shi ne a koma kan rabon da kotu ta yi a shari'o'in Mississippi: a tambayi makaranta wane ne ya kawo cikas ɗin, sannan idan daga masu kallo ne, ta nuna matakin da ta ɗauka a kansu kafin ta juyo kan mai alama.

Da iyayen yaran Morgan Hill suka nemi Kotun Ƙoli ta saurari ƙararsu, John da Mary Beth Tinker, waɗanda a lokacin sun haura shekara 60, sun shigar da takardar goyon baya gare su. Mutanen da aka kira maciya amanar ƙasa a 1965 su ne suka tsaya wa yara masu rigar tuta. A Maris na 2015 kotun ta ƙi karɓar ƙarar.